Me Za a Zuba a Ciki?

Ɗana, labari ya iso ni cewa ka rage aikin ƙofofi da tagogin baƙin ƙarfe, ka sayi injin waldar agon, ka koma aikin silba. Allah ya sa albarka, ya sa ka shiga a sa'a. Ban ga laifinka ba. Duk wanda ya bi ta Tumfure ko Shongo a 'yan shekarun nan ya ga yadda benaye ke tashi, kuma da wuya a ga bene ba makarin silba a barandarsa yana ɗaukar ido. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 gari yake ta faɗi, masu ruwan leda da masu yogot da masu gidajen abinci sun yawaita, kowa kuma yana son tanki da tebur da tukunyar da za ta daɗe. Kasuwa kam akwai ta. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da nake jin 'yan'uwanka masu walda suna faɗa wa mai saye har da rantsuwa: "Alhaji, wannan har abada ba ya tsatsa." Ina so bakinka ya guje ta. Yana tsatsa, kuma in ya tashi yi yakan fara ta inda ido ba ya kaiwa.

Silba ƙarfe ne irin wanda ka saba yankawa, sai dai an narka shi tare da wani ma'adini mai suna kuromiyam, wanda ba ya gaza kashi 10.5 cikin 100. Da iska ta taɓa fuskar ƙarfen, sai kuromiyam ya haɗu da oksijin su yi wata 'yar fata a sama, wadda ta fi silin gashi siranta sau dubbai. Ita ce ke tsare ƙarfen, ba wani abu ba. Halinta irin na fatar mutum ne: in ka ƙuje, ka bar wurin da tsabta yana shan iska, zai warke da kansa, in kuwa ka rufe shi da datti da danshi sai ya zama gyambo. Wani Bature, Harry Brearley, shi ya fito da wannan haɗi a birnin Shefil na Ingila a 1913, yana cikin neman ƙarfen bututun bindiga wanda ba zai zaizaye da wuri ba. Ya zuba kuromiyam wajen kashi 13, ya zo gwada ƙarfen da asid sai ya ga ya ƙi ciwuwa, daga nan aka shiga jarraba shi da ruwan lemon tsami da ruwan kal. A Jamus ma kamfanin Krupp ya riga ya yi rajistar nasa haɗin mai nikel a 1912. Ka ga tun farkon al'amarin da ruwa iri-iri aka auna shi, kuma har gobe da ruwan da zai zauna a cikinsa ake sanin ƙarfinsa.

Don haka duk wanda ya shigo shagonka da zancen tanki ko tukunya ko makari, kafin ka ɗauko tef ɗin awo ka zaunar da shi ka tambaye shi. Me za a zuba a ciki? Da zafi ko da sanyi? Zai kwana a ciki ko ana juyewa? Da me za a riƙa wankewa? Wani zai ga kamar bin diddigi kake yi, ka yi haƙuri da shi. Amsar da ya ba ka ita za ta gaya maka irin farantin da za ka yanka.

In ya ce sifirit ne, ko irin barasar da ake haɗa magani da turare da ita, to ka yi aikinka hankali kwance. A cikin ruwayen da silba ke haɗuwa da su babu mai sauƙin hali kamarsa. Ka tuna lokacin korona a 2020, yadda aka yi ta goge mariƙin ƙofa da teburan asibiti da sanitaiza dare da rana, ba abin da ya same su. Masana'antun magani a tankunan silba suke ajiye shi shekara da shekaru. Sai dai sifirit ɗin goge fata akwai ruwa a cikinsa, har kusan kashi 30 cikin 100, shi ya sa mai askin da ya bar bakin kilifarsa ya kwana a ciki yakan tarar da tsatsa da safe, domin yawancin bakin kilifa ƙarfe ne mai tauri, ba silba ba. Aidin ɗin da ake shafa wa ciwo shi ne ba ya cikin wannan rangwame, in ya daɗe a kan tire yakan bar tabo har ya ci wurin.

Tsami kuwa suna ya tara. Na abinci bai kai ya tsorata ka ba. Kindirmo da nonon da ake kawowa daga rugage, tsamiyar kunu, zoɓo, lemon tsami, tumatirin fadamun Daɗin Kowa, duk silba mai kyau yana jure su, shi ya sa kamfanonin madara a duniya suka dogara da shi. A nan ya fi tukunyar alminiyam nesa ba kusa ba, wadda tsami ke ci, kanwa kuma ta baƙanta ta har ta yi ƙuraje. Silba bai damu da kanwar miya ba. Abin mamaki ma, akwai tsamin da gyara shi yake yi: a manyan masana'antu, bayan an gama ƙera kaya, a ruwan asid na naitirik ko na tsamin lemo ake tsoma su don ya ɗauke guntayen baƙin ƙarfen da suka maƙale, fatar nan ta fito sabuwa. Inda tsamin abinci yake zama abin dubawa shi ne in ya haɗu da gishiri da zafi, aka kuma bar shi ya kwana. Mai dafa tumatirin gwangwani da gishiri a tukunya ɗaya kullum, buƙatarsa daban da ta mai zoɓo, ko da girman tukwanensu ɗaya ne.

Asid biyu ne nake so ka ji tsoronsu. Na farko ruwan batir. Kusan sulusinsa asid ne na salfa, kuma a wannan ƙarfin yana cin silba, don haka kada mai cajin batir ko mai sola ya sa ka yi masa mazubi ko tire da shi, roba mai kauri ta fi masa. Na biyu shi ne wanda zai fi jawo maka rigima a garin nan, wato asid ɗin wanke tayil.

Na taɓa ganin aikinsa a wani sabon bene da aka kira ni in duba. Mai walda ya kafa makarin matakala tun daga ƙasa har sama, ya goge shi yana ƙyalli, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Bayansa masu wanke tayil suka shigo da jarka ba ko takarda a jikinta, ruwan ciki rawaya-rawaya, ana buɗe murfi yana hayaƙi yana shaƙe mutum. Suna zubawa a kan busasshen siminti yana kumfa yana ƙara, suna bi da tsintsiya daga saman matakala suna koro shi ƙasa, yana fallatsa a gindin kowane bututu. Suka gama, aka rufe ƙofofi da tagogi don ƙura. Ba a daɗe ba gindin bututun ya yi ɗige-ɗige ja kamar an yayyafa masa ruwan goro, har mariƙin sama, wanda ko ɗigo bai taɓa ba, ya dushe ya yi ƙasa-ƙasa, saboda tururin asid ɗin da ya kwana a rufe cikin gidan. Na sa farce na kankare wani ɗigo, sai na ji ɗan rami a ƙarƙashinsa. Mai gida yana tsaye yana faɗa, wai an sayar masa da jabu, ana ta neman mai walda a waya. Bawan Allah bai yi ha'inci ba. Wannan asid, na haidurokulorik, ba ya barin silbar da muke samu a kasuwa ko da an sirka shi da ruwa, mai tsada da mai araha duk ɗaya ne a wurinsa.

Saboda haka in ka karɓi aikin gida, ka nemi ka zama na ƙarshen shiga, bayan mai tayil da mai wanki sun kwashe kayansu. In mai gida ya matsa sai ka kafa da wuri, ka gaya masa a gaban ɗan kwangilarsa cewa asid ba zai kusanci wurin ba, kuma naɗe bututu da leda ba ya hana tururi. In ƙaddara ta riga fata har ya fallatsa, a kwarara ruwa mai yawa nan take, a bi da ruwan bekin soda, a sake ɗauraya, a buɗe tagogi.

Yanzu sai gishiri, wanda ya fi su duka naci. Wani zai ce ai mu ba mu da teku, tsakaninmu da Legas ma ya haura kilomita 1,000. Gaskiya ne, kuma mun ci riba a nan. Makarin da zai yi tabo cikin 'yan watanni a bakin ruwan Legas ko Fatakwal, inda iska kanta ke ɗauke da gishiri, a Jekadafari ko Pantami zai daɗe lafiya, hunturunmu busasshe ne, ƙura kawai ake sharewa. Namu gishirin da hannunmu muke kai masa, ta tukunya da ruwan rijiya da abin wanki. Abin da ke cikin gishiri mai ɓarnar ana kiransa kuloraid. Shi ba ya cin fuskar ƙarfe gaba ɗaya yadda tsatsar baƙin ƙarfe ke yi har ka gani ka yi fenti. Wuri ɗaya yake nema inda fatar ta yi rauni, ya huda ƙofa kamar tsinin allura, ya shige. A cikin ramin iska ba ta shiga, ruwan da ke ciki sai ya riƙa ƙara tsami da kansa, ramin yana faɗi ta ƙasa bakinsa yana nan ɗan mitsitsi. Ranar da mai tanki zai ga danshi a waje, aikin gama ya riga ya gama.

Silba iri-iri ne, kowanne da lambarsa, kuma masana sun yi ƙiyasin abin da kowane iri ke ɗauka. Nau'in 304, a ruwan da ba zafi, yana zaune lafiya in kuloraid bai wuce kimanin miligiram 200 a lita ba, nau'in 316 kuma yakan kai wajen 1,000. Ruwan teku yana da kusan 19,000. Ruwan famfon da ake turowa daga Daɗin Kowa ba shi ne abin damuwa ba, amma rijiyoyin burtsatse kowace da halinta, wata garɗi, wata zartsi. In mai gidan ruwan leda zai ba ka aikin miliyoyi, ka ce ya nuna maka takardar gwajin ruwansa, ai dole yana da ita tunda sai da ita yake neman rajistar NAFDAC. In babu, ya ɗebi kwalba ya kai ɗakin gwaji, ko ya nemi shawarar malaman kimiyyar sinadarai a Jami'ar Jihar Gombe da ke nan Tudun Wada. Ka kuma sani ko ruwa mai ɗan gishiri kaɗan, in ana bari yana bushewa a wuri ɗaya, gishirin taruwa yake yi. Shi ya sa nake son ka riƙa karkata gindin tanki zuwa mafita, don in an buɗe ya tsiyaye tas. Lungu ma abokin gishiri ne: ƙarƙashin robar murfi, tsakanin faranti biyu da aka ɗora aka ɗiga musu walda nan da can, bayan washar ƙusa, har ƙarƙashin takardar talla da aka manna aka manta. Duk inda ruwa zai shiga ya kwanta iska ba ta bi shi ba, ka cike shi da walda ko ka buɗe shi sosai.

Bilic ɗan'uwan gishiri ne, ya ma fi shi zafin hannu. Mai yogot da zai cika tanki da ruwan bilic ya tafi gida ya kwanta, yana ganin tsabta yake yi, tankinsa yake kashewa. In za a yi amfani da shi a sirka sosai, a ba shi 'yan mintoci, a ɗauraye da ruwa mai yawa, a bar wurin ya bushe. Ka tambayi duk wata nas da ta daɗe a ɗakin tiyata, a Asibitin Koyarwa na Tarayya ko a Asibitin Ƙwararru, za ta gaya maka ba a barin almakashi cikin bilic ko cikin ruwan gishirin da ake ƙara wa majinyaci, wanda giram 9 kacal ne a lita. Kayan tiyata masu kaifi yawanci kuromiyam ɗinsu bai fi wajen kashi 13 ba, an rage juriyarsu don su riƙe kaifi, shi ya sa suke saurin tabo a mahaɗa. Ko a gida, ka gaya wa iyalinka su bari ruwa ya tafasa kafin su zuba gishiri a tukunyar silba, don wanda aka zuba a ruwan sanyi ƙasa yake kwanciya, shi ne fararen ɗige-ɗigen da suke gani a gindi.

Akwai wata illa da ta fi huda muni, ko da yake ba kullum za ka gamu da ita ba. In kuloraid ya haɗu da zafin da ya haura kimanin digiri 60, ƙarfen kuma yana ɗauke da nauyi ko an lanƙwasa shi da ƙarfi, yakan tsage ba tare da ya nuna alama ba. A wuraren da tururin kulorin, wanda ake zuba wa ruwan ninƙaya, ke taruwa ma ba ya jiran wannan zafin. A 1985, a garin Uster na ƙasar Suwizalan, rufin siminti na wani wurin ninƙaya ya rufto ya kashe mutum 12, saboda sandunan silbar da aka rataye shi da su sun tsattsage a hankali cikin wannan tururi. In an kawo maka aikin tankin ruwan zafi, ko wani abu da za a rataya a saman kan mutane, kada ka ji kunyar cewa sai injiniya ya duba.

Duk wannan magana ba ta da amfani in ba ka san abin da ka sayo ba. Ko daga Ƙofar Ruwa ta Kano kayanka suka zo ko daga Legas, da ido duk ɗaya suke. Nau'in 304 yana da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, shi ne na abinci da yawancin aiki. Nau'in 316 an ƙara masa molibdinam kashi 2 zuwa 3, wanda shi ke taimaka masa a gaban gishiri, kuɗinsa ma ya fi. Nau'in 430 ba nikel a cikinsa. Sai 201, wanda aka rage wa nikel aka cike da manganis, kuma mai arahar da ke yawo a kasuwa sau da yawa bai ma kai ma'aunin 201 na ainihi ba. Dalilin yawansa a fili yake. Nikel ne mai tsadar, a watan Maris na 2022 ma farashinsa ya haura dala 100,000 kowane tan a kasuwar ƙarafa ta Landan har aka dakatar da ciniki. Fiye da rabin silbar duniya daga Sin yake fitowa, kuma suna yin kowane iri, mai kyau da na talaka, abin da ɗan kasuwa ya yi oda shi ake loda masa.

Kada ka dogara da maganaɗisu, ko da yake na san kowa a layinku da shi yake rantsuwa. Yana kama 430, wanda silba ne na gaskiya. Ba ya kama 201, sai mai saye ya tafi yana murna ya sami 304. Shi kansa 304, inda aka lanƙwasa shi ko aka buga shi, yakan ɗan ja maganaɗisu. Ka duba lambar da aka buga a jikin faranti ko bututu, ka nemi takardar masana'anta in odar babba ce, ka kuma sayi ruwan gwajin nan da ake ɗigawa launi ya nuna yawan nikel ko manganis, kuɗinsa bai kai asarar tanki ɗaya ba. Ni ban ce 201 haramun ne ba. Makarin cikin falo, ƙafar tebur, adon ƙofa inda ruwa ba ya zama, duk zai yi, kuma ba kowa ke da kuɗin 304 ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sa shi a tankin nono a kira shi da sunan wani. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a wannan sana'a ma damina ɗaya ta isa.

Sauran ɓarnar daga hannun mai walda take fitowa. Faifan giranda da ka yanka baƙin ƙarfe da shi, in ka ɗora shi a kan silba, ya dasa masa ƙwayoyin tsatsa ke nan. Haka burushin waya, haka tartsatsin da ke tashi daga aikin ƙofa a gefe, haka soson ƙarfen da matan gida ke dirza tukunya da shi. Ka ware wa silba kayan aikinsa da kusurwarsa a shago, kada yara su gauraya. Wajen walda kada ka cika wuta. In ƙarfen ya daɗe tsakanin digiri 450 da 850, kabon ɗin cikinsa yakan kama kuromiyam ya riƙe, gefen ɗinkin ya rasa mai tsaronsa, shi ya sa ake son mai harafin L, irin 304L, wanda kabon ɗinsa bai wuce kashi 0.03 ba. Sandar 308L ce ta 304, ta 316L kuma ta 316. Launin shuɗi da ruwan ƙasa da wuta ke bari a gefen ɗinki, wanda wasu yara ke ɗauka ado ne, nan tsatsa take fara sauka, a goge shi har ya fita, ciki da waje. Man da ake shafawa don cire shi yana da asid mai ratsa fata har ƙashi, kada ka bar almajirinka ya taɓa shi ba safar hannu da tabarau. Hayaƙin waldar ma ka yi nesa da shi, ka yi aiki inda iska ke wucewa, domin tun 2017 hukumar binciken kansa ta duniya ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar, na silba kuma akwai kuromiyam a cikinsa.

In ka gama aiki, ka rubuta lambar ƙarfen a kan rasit, 201 ne ko 304 ko 316, ka ƙara layi biyu a ƙasa: ban da asid ɗin tayil, ban da kwana da bilic, a wanke da sabulu da soso mai laushi a tsane. Ka karanta wa mai kayan da bakinka, don ba kowa ke duba takarda ba. Wani in ya ji farashin 304 zai ce a Bolari an yi masa rabin haka. Kada ka zagi mai Bolari, ba ka san abin da ya auna ba. Ka ɗauko guntun 201 da na 304 ka ajiye masa a kan benci, ka ɗiga musu ruwan gwaji yana kallo, ka faɗa masa kuɗin kowanne da abin da kowanne zai iya ɗauka. In duk da haka ya ce zai tafi can, ka raka shi bakin ƙofa da fara'a, ka ba shi lambar wayarka.